Glacier Express: jirgin da ya mai da jinkirinsa abin sayarwa, da yadda abincin rana ya shiga lissafin

Tsakanin garin Zermatt da garin St. Moritz a ƙasar Suwizalan akwai layin dogo mai tsawon kilomita 291, da gadoji 291 da ramukan da aka huda cikin dutse guda 91. Jirgin ƙasan da ake kira Glacier Express yana cinye wannan tazara a kusan sa'a takwas, wato in an raba, gudunsa bai kai kilomita 40 a sa'a ba. Wanda ke da uzuri a St. Moritz ba zai hau shi ba. Zai gangara garin Visp ya kama jirgin sauri, ya zagaya ta Bern da Zurich, ya kuma riga shi isa duk da zagayen. Amma duk shekara mutum sama da 200,000 ne ke biyan kuɗi mai tsoka don su zauna a wannan jirgi tun safe har la'asar, yawancinsu baƙi daga wasu ƙasashe.

Kyawun tsaunuka kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba, domin jiragen haya na yau da kullum suna bin layin nan ɗin dai, ta gaban tsaunukan nan ɗin dai, a farashi mai sauƙi. Abin da Glacier Express ya fi su da shi shi ne ba a canza jirgi a hanya, tagoginsa sun hau har rufi, kuma ana dafa abinci a cikinsa a kawo wa mutum har kujerarsa. A ganina na ƙarshen nan ne ya riƙe sauran. Ido yana gajiya da kallo komai kyawun abin kallo. Abincin rana ne ke raba yinin gida biyu, ya sa mutum bai ji tsawonsa ba.

Yadda aka faro

Jirgin farko ya tashi daga Zermatt ranar 25 ga Yuni, 1930, ya isa St. Moritz bayan kusan sa'a 11. Kamfanoni uku ne suka haɗa hannu: na layin Visp zuwa Zermatt, da na Furka da Oberalp, da Rhätische Bahn na yankin Graubünden. Abin da ya sa haɗin ya yiwu shi ne dukkansu faɗin dogonsu mita ɗaya ne, kuma a shekarar ne aka kammala ɗan guntun layin da ya haɗa Visp da Brig. Garuruwan biyu na bakin layi sun riga sun yi suna a wurin masu kuɗin Turai. Zermatt tana gindin tsaunin Matterhorn mai tsayin mita 4,478, St. Moritz kuwa ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1928. Tun farko, ke nan, jirgin na masu yawon buɗe ido ne, kuma tun farko akwai taragon cin abinci a ɓangaren gabas na layin, wanda kamfanin Mitropa na Jamus ke gudanarwa.

Matsalar ita ce jirgin bai iya aiki sai a 'yan watannin zafi. A tsakiyar hanya akwai mashigin Furka, inda dogon ke hawa sama da mita 2,100. Da sanyi ya kama, dusar ƙanƙara kan binne layin, kuma tarin ƙanƙara kan ɓalle daga saman tsauni ya share duk abin da ya tarar. Akwai wata gada a kan rafin Steffenbach da aka ƙera ta yadda za a iya naɗe ta. Duk kaka ma'aikata sukan sauke ta su jingine sassanta a gefen kwari don ƙanƙara ta wuce ba ta taɓa ta ba, in yanayi ya buɗe su sake ɗaga ta. Bayan da aka sa wa layin lantarki a farkon shekarun 1940, har wayoyin sama sai an kwance su kowace shekara. Kamfani na ɗawainiyar wata goma sha biyu, ciniki kuwa na wata huɗu.

Shawarar 1982

Maganin da aka samo shi ne a huda tsaunin ta ƙasa. An fara aikin a 1973, aka buɗe ramin Furka mai tsawon kilomita 15.4 tsakanin Oberwald da Realp a watan Yunin 1982, bayan kuɗin aikin ya ninka abin da aka ƙiyasta sau da yawa, har ya zama abin ce-ce-ku-ce a siyasar ƙasar. Daga nan jirgin ya samu damar aiki rani da hunturu, fasinjoji kuma suka ninku cikin 'yan shekaru.

Sai dai an biya wani farashi da ba ya cikin takardun kwangila. Tsohon layin yana bi ta Gletsch, inda fasinja ke ganin daskararren kogin ƙanƙara na Rhône, wanda shi ne babban abin kallo na tafiyar tun 1930. Sabon layin yana wucewa ta ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, na kusan rubu'in sa'a ko fiye. Jirgin ya rasa abin da aka fi hawansa dominsa. Dole kamfanonin suka nemi abin da zai cike gurbin, kuma abin da suka yi cikin shekarun da suka biyo baya shi ne suka mai da hankali ga cikin tarago: faɗin taga, laushin kujera, da abin da ake ɗorawa a kan tebur. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Yini ɗaya daga Zermatt

Jirgin safe yana barin Zermatt kafin ƙarfe tara. Motocin haya da na gida ba sa shiga garin, a Täsch ake ajiye su, don haka kusan kowa da jirgi ya zo. Matterhorn kan ɓace wa ido jim kaɗan da tashi, abin da ke ba wasu mamaki, domin hotonsa ne a kan tallace-tallace. Daga tsayin mita 1,600 jirgin yana gangarawa cikin kwarin Matter, ya wuce ta Randa inda wani ɓangaren tsauni ya rufto a 1991 ya binne dogo da hanyar mota, tarin duwatsun na nan har yau. A Visp an sauko ƙasa da mita 700. A wannan sashe ne ma'aikata ke zagayawa suna tabbatar da odar waɗanda suka zaɓi abinci tun lokacin sayen tikiti, suna karɓar ta waɗanda ba su yi ba, suna shimfiɗa ƙyallen tebur da cokula.

Bayan Brig sai a shiga kwarin Goms, inda ƙauyuka ke da gidajen katako da rana ta ƙona har suka yi baƙi, da rumbuna da aka ɗora a kan ƙafafu, kowace ƙafa da faffaɗan dutse a samanta don hana ɓera hawa. Ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, Niederwald, shi ne mahaifar César Ritz, wanda manyan otal-otal na duniya ke ɗauke da sunansa. Daga nan sai ramin Furka, sai Andermatt wajen tsakar rana. A nan ne lissafin kicin ke haɗuwa da lissafin injiniya, domin lokacin cin abinci ya faɗo daidai kan hawa mafi wuya.

Daga Andermatt zuwa mashigin Oberalp, wuri mafi tsayi a tafiyar, mita 2,033, jirgin yana hawa kusan mita 600 cikin 'yan kilomitoci. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba za ta iya wannan ba, sulɓewa za ta yi. Shi ya sa aka shimfiɗa dogo na uku a tsakiya mai haƙora, injin kuma yana da ƙafa mai haƙora da ke cizon sa. Fasinja yakan ji lokacin da haƙoran suka kama: jirgi ya rage gudu, a ji ɗan gurnani a ƙasa. Gangaren wurin ya kai mita 11 a cikin kowace mita 100. In aka sauko da wannan lissafi kan tebur, kwanon miya mai faɗin santimita 20 zai sami bambancin fiye da santimita biyu tsakanin bakinsa na gaba da na baya. Mai zuba miya ba zai cika kwano ba, mai ɗauko tire kuma yana tafiya ne a kan bene mai gangara, jirgi na lanƙwasa dama da hagu, yana ratsa ƙunƙuntar hanya tsakanin kujeru, yana buɗe ƙofar tarago da tire a hannu. Daga wannan matsala ne aka ƙirƙiro sanannen tambulan ɗin jirgin mai karkataccen wuya, wanda ke tsayawa daidai in jirgi na hawa. In aka fara gangara sai a juya shi. Yanzu tsaraba ce da ake sayarwa, amma asalinsa amsa ce ga gangaren Oberalp.

A saman mashigin akwai tafki, da wata hasumiyar fitila irin ta bakin teku da aka kafa don tunatar da mutane cewa kogin Rhine, wanda ke faɗawa teku a Holan, daga tsaunukan nan yake fitowa. Da hunturu hanyar mota a rufe take, jirgi kaɗai ke ratsa farin filin. A Disentis, garin da ke da tsohon gidan ibadar Kirista tun ƙarni na 8, ana cire injin mai haƙora na kamfanin Matterhorn Gotthard Bahn, mai kula da ɓangaren yamma na layin, a ɗaura na Rhätische Bahn. Harshen mutanen wurin ma ya sauya daga Jamusanci zuwa Romansh, ɗaya daga cikin harsunan ƙasa huɗu na Suwizalan. Kayan zaƙi da kofi sukan zo ne a kan hanyar kwazazzabon Rhine, inda kogi ya yanka fararen duwatsun da suka rufto daga Flims kusan shekara 10,000 da suka wuce. Chur ita ce wuri mafi ƙasa, mita 585, kuma a nan jirgin ke juyawa, wanda ke fuskantar gaba ya koma yana kallon baya.

Sashen ƙarshe, layin Albula, shi ne wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008. A nan gadar Landwasser take, mai tsayin mita 65 da bakuna shida, a lanƙwashe, ƙarshenta kuma ya shige kai tsaye cikin rami a jikin dutse. Tsakanin Bergün da Preda jirgin yana hawa sama da mita 400 ba tare da haƙora ba, ta hanyar kewaya kansa cikin ramuka masu murɗiya, har fasinja ya ga ƙauye ɗaya ta tagar dama, can kuma ya gan shi ta hagu. Ana isa St. Moritz bayan ƙarfe huɗu da rabi.

Shawarar 2006

Har zuwa farkon wannan ƙarni, wanda zai ci abinci sai ya tashi ya tafi taragon cin abinci. Tsofaffin taragan, masu bangon katako da fitilu a kan tebur, kujerunsu talatin da 'yan kai ne. Jirgi mai ɗauke da mutum kusan 200 ba zai ciyar da su a irin wannan ɗaki ba sai an yi zama-zama, wasu su ci da wuri, wasu su jira, wasu su haƙura. Wanda zamansa ya faɗo kan Oberalp kuma zai kalli mashigin ta ƙaramar taga, alhali ya biya kuɗin babbar taga a wani tarago.

A 2006 aka kawo sababbin taragai da kamfanin Stadler ya ƙera, aka soke taragon cin abinci, aka maye gurbinsa da taragon kicin a tsakiyar jirgi, tsakanin masu daraja ta ɗaya da ta biyu. Kowace kujera ta samu tebur, kujeru 36 a taragon daraja ta ɗaya, 48 a na biyu. Kuku na dafawa a ɗan siririn kicin, 'yan sabis na rabawa gaba da baya. Masu ƙaunar tsofaffin jirage sun ji zafin wannan sauyi, kuma suna da hujja, domin a taragon cin abinci ne baƙo ke zama da baƙo su yi hira. Ni dai ina ganin kamfanonin sun yi daidai. Mutumin da ya taso daga Osaka ko Mumbai don tafiyar da wataƙila ba zai maimaita ba bai kamata a ce masa ya zaɓa tsakanin cikinsa da idonsa ba. Ta fuskar ciniki ma, kowace kujera ta zama wurin sayar da abinci. Tsofaffin taragan ba a jefar da su ba, an ci gaba da amfani da su a layin Albula da kuma jiragen musamman.

A 2019 aka ƙara mataki na sama, Excellence Class: tarago mai kujeru 20 kacal, kowa a bakin taga, da ma'aikaci mai kula da baƙi, da abinci kala-kala da ake kawowa bi da bi tsawon tafiyar. Lokacin da aka buɗe shi, ƙarin kuɗinsa faranka 420 ne na kuɗin Suwizalan a kan tikitin daraja ta ɗaya. Tikitin daraja ta biyu na dukan tafiyar ya haura faranka 150, ban da kuɗin kama kujera wanda wajibi ne ko da mutum na riƙe da katin Swiss Travel Pass na hawa jiragen ƙasar, ban da kuɗin abinci.

Abin da ke cikin faranti

Abincin ya karkata ga na yankunan da jirgin ke ratsawa, Valais da Graubünden. Akwai miyar sha'ir mai kauri, da cuku iri-iri na tsauni, da kek ɗin Engadin, kwarin da St. Moritz take, da ake cusa wa 'ya'yan itace masu ɓawo da narkakken sukari. Akwai Bündnerfleisch, naman sa da ake shafa wa gishiri da ganyayyaki a busar da shi a iskar tsauni na makonni, a matse shi, a yanka shi siriri. Ɗan'uwan kilishi ne, sai dai shi ba ya ganin wuta ko tunkuza. Mutum na iya ɗaukar faranti ɗaya na ranar, ko jerin abinci kala uku ko huɗu, ko ya zaɓa daga takardar abinci.

Musulmin da zai hau wannan jirgi yana da abin lura. Girkin yankin yana yawan amfani da naman alade da aka busar ko aka yi wa hayaƙi, kuma sau da yawa ba a ganin sa, domin don ɗanɗano ake jefa shi. Miyar sha'ir ta gargajiya na cikin irin waɗannan. Giya ma takan shiga wasu miyoyin nama da wasu kayan zaƙi. Mafita mafi sauƙi ita ce a zaɓi abincin da ba nama tun lokacin sayen tikiti, sannan a tambayi ma'aikaci kai tsaye ko an sa giya a girkin. Ba a hana mutum shigowa da guzurinsa.

Lokacin salla ma yana buƙatar shiri. Azahar na riskar mutum a cikin jirgi, kuma tsayawar da ake yi a Disentis da Chur ta 'yan mintoci ce. Da zafi rana na daɗewa ba ta faɗi ba, matafiyi na iya haɗa azahar da la'asar in ya sauka. A watan Disamba kuwa rana na faɗuwa a St. Moritz kusan daidai lokacin da jirgin ke shiga tasha, don haka wanda ya ce sai ya isa zai iya rasa duka biyun. Gara ya shiga da alwalarsa, ya san hukuncin sallar matafiyi a kan abin hawa tun kafin ya bar masauki. Gajartar yinin hunturu ta sa ma wanda ke son ganin layin Albula da haske sosai gara ya faro daga St. Moritz.

Inda tsarin ya gaza

Tagogin gefen kujeru ba sa buɗuwa. Gilashin yana mai da hasken cikin tarago, hoto ya fito da inuwar farin ƙyallen tebur a kan tsauni, kuma in rana ta take, rufin gilashin na tara zafi duk da na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ba ya jin iskar Oberalp ko ƙarar kogi a kwazazzabo. Bayanin wurare ta na'urar kunne yake zuwa, cikin harsuna da dama, ƙararrawa ta yi ƙara kowa ya sa abin ji. Masu ɗaukar hoto da gaske sukan gwammace jiragen haya, su sauka a Andermatt, ko kuma su sauka a ƙauyen Filisur su taka zuwa inda ake hango gadar Landwasser daga waje, domin wanda ke cikin jirgi daƙiƙoƙi kaɗan yake ganin ta. Tsakanin tsakiyar Oktoba da farkon Disamba kuma jirgin ba ya aiki sam.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Ranar 23 ga Yuli, 2010, taragai uku na bayan jirgin suka sauka daga dogo tsakanin Lax da Fiesch a kwarin Goms. Wata mata 'yar Japan ta rasu, mutum kusan 40 suka ji rauni, yawancinsu 'yan ƙasarta. Bincike ya nuna direban ya ƙara gudu tun wutsiyar jirgin ba ta gama fita daga kwanar da aka ƙayyade wa kilomita 35 a sa'a ba, ya kai kusan 56. Gudun da a kan titin mota ba a ɗauke shi komai ba, a kan siririn dogo mai lanƙwasa ya kifar da tarago. Jinkirin da ake tallatawa tsaunin ne ya wajabta shi, kuma ranar da aka ƙetare shi da kilomita 20 an yi asarar rai.

Tsohon layin Furka

Layin da aka bari a ƙarshen 1981, gab da buɗe ramin, bai mutu ba. An so a tumɓuke shi, sai masu ƙaunar jirgin ƙasa suka kafa ƙungiya suka karɓe shi, suka shiga gyara da aikin sa kai, hutu bayan hutu. Injinan tururi na asali kuwa, an sayar da wasu daga cikinsu a 1947 ga Faransawa masu mulkin Indochina, inda suka yi aiki a layin tsauni na Da Lat a Biyetnam har yaƙi ya tsayar da shi. A 1990 'yan ƙungiyar suka je can suka kwaso su, sun yi tsatsa, aka sauko da su daga tsauni a kan manyan motoci, aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Turai. An buɗe sashen farko daga Realp a 1992, aka kai Gletsch a 2000, aka kammala har Oberwald a 2010.

Jirgin tururin, wanda ake kira Dampfbahn Furka-Bergstrecke, yana aiki daga ƙarshen Yuni zuwa farkon kaka, tafiyar kusan kilomita 18 cikin sa'a biyu, tagogi a buɗe, hayaƙin kwal na shigowa. Gadar Steffenbach har yanzu ana naɗe ta duk shekara. Kogin ƙanƙarar Rhône kuwa, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya sauko har kwarin Gletsch, ɗumamar yanayi ta sa ya ja da baya ya haye bayan dutse, har ta kai ana lulluɓe wani sashensa da fararen barguna don rage narkewa. Wanda ke son ganin sa yau sai ya sauka daga jirgi a Gletsch, ya hau motar haya ta bi hanyar mashigin Furka zuwa Belvédère.